Safiyar da Kumbon Columbia Ya Tarwatse a Kanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya same ni. Ka ce kana koya wa ɗalibanka darasin zafi da gudu, ka kawo musu misalin kumbo mai dawowa daga sararin samaniya, sai wani yaro ya tambaye ka labarin Columbia, kai kuma ka ce masa kana da aboki a Amurka da abin ya faru a kan idonsa. To, ga shi zan rubuto maka. Amma ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar, domin wannan magana ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ban iya taƙaita ta.

Ranar Asabar ce, 1 ga Fabrairu, 2003. Ka tuna lokacin ina Nacogdoches, wani ƙaramin gari a gabashin jihar Texas, ina karatun kula da gandun daji a Jami'ar Stephen F. Austin. Babbar Sallah ta matso, hankalina duk yana gida. Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, mai son sha'anin taurari. Tun daren Juma'a ya gaya mini kumbon zai ratsa ta samanmu da safe a kan hanyarsa ta sauka a Florida, ya ce in ban taɓa gani ba kada in bari ya wuce ni. Shi ya sa bayan asuba ban koma barci ba. Na haɗa shayi na fito muka tsaya a bakin titi. Akwai sanyi, amma sama tas take, babu gajimare ko ɗaya.

Daf da ƙarfe takwas wani haske ya ɓullo daga yamma maso arewa, yana jan farin layi a bayansa. Gudunsa ya wuce na kowane jirgi da na taɓa gani, kuma babu ƙara ko kaɗan. Ina cikin mamakin kyawunsa sai hasken ya rabu biyu, ya ƙara rabuwa, kowane yanki da nasa farin layin, wasu suna walƙiya suna mutuwa. Ni ban san yadda ya kamata ya kasance ba, don haka na juya na dubi dattijon. Fuskarsa ce ta gaya mini. Ya sauke abin hangen nesansa, ya ce ba haka yake yi ba, ya sake maimaitawa. Nan take gabana ya faɗi, bakina ya kama Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai bayan 'yan mintuna ƙarar ta iso, saboda nisan da ke tsakaninmu da shi, wajen kilomita 60 a sama. Ba fashewa ɗaya ba ce. Rugugi ne mai tsawo, yana birgima yana ƙaruwa, tagogi suna karkarwa, karnukan unguwa suna haushi, mutane suna fitowa da kayan barci suna tambayar ko girgizar ƙasa ce, ko wata masana'anta ce ta fashe. Wannan rugugin shi ne abin da ya fi zauna mini. Har yau in aka yi doguwar tsawa da safe sai jikina ya yi sanyi kafin hankalina ya gane hadari ne.

Muka shiga ɗakin dattijon muka kunna talabijin. Ana cewa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta daina jin ɗuriyar kumbon. An tsara zai sauka ƙarfe 9:16 agogon Florida, wato 8:16 agogonmu na Texas, saura minti 16 ke nan da ya tarwatse. Iyalan 'yan sama jannatin suna can gefen filin sauka a cibiyar harba kumbo ta Kennedy da ke Florida, da ƙananan yara, suna kallon agogon da ke ƙirga lokaci. Agogon ya kai sifili, babu kumbo. Mu da ke tsaye a Texas mun riga matan da 'ya'yan sanin abin da ya faru, kuma wannan tunanin ya dame ni ƙwarai a ranar. Da rana Shugaba George Bush ya yi jawabi ya tabbatar cewa Columbia ya salwanta, babu wanda ya tsira.

Ba zan ɓoye maka ba, Malam, bayan tausayi abin da ya biyo baya a zuciyata tsoro ne. Ko shekara ɗaya da rabi ba a yi ba da harin 11 ga Satumba, ana shirin yaƙin Iraƙi, ga kuma Ba'isra'ile a cikin kumbon. Ni baƙar fata, Musulmi, baƙo a ƙaramin gari. Na yi ta addu'a kada a ce wani ne ya harbo shi. Tun ranar jami'ai suka bayyana cewa babu alamar ta'addanci, kuma a wannan tsayi da wannan gudu, kusan kilomita 20,000 a sa'a, babu makamin da za a harba daga kafaɗa ya cim masa. Kuma in faɗi gaskiya, babu wanda ya yi mini kallon banza a garin, ko a ranar ko bayanta.

Da na shiga cikin gari sai na tarar abin ya wuce yadda nake zato. Tarkace ya zubo ko'ina: a kan tituna, a filayen makarantu, a gonaki, a bayan gidaje. Wani yanki ya faɗo a wurin ajiye motoci na wani banki a tsakiyar gari, aka zagaye shi da igiya, sojoji suna gadi, mutane suna zuwa suna ajiye furanni. Wani ƙarfe ya huda rufin ofishin likitan haƙori. Rediyo yana ta gargaɗi kada kowa ya taɓa komai, saboda man da kumbon ke amfani da shi wajen juyawa a sararin samaniya guba ne, yana ƙona fata da huhu. Ikon Allah, duk wannan ruwan ƙarfe da ya zuba tun daga kusa da Dallas har cikin jihar Louisiana, bai kashe mutum ko ɗaya a ƙasa ba. Da ya riga tarwatsewa da ɗan lokaci kaɗan, a kan cunkoson Dallas zai zube.

Sashenmu na da na'urorin GPS masu nuna ainihin inda wuri yake da masu iya zana taswira a kwamfuta, don haka aka nemi taimakonmu. Aikinmu shi ne mu bi jami'ai duk inda aka ba da rahoton an ga wani abu, mu ɗauki lambobin wurin, a sa a taswira. Da ɗigo-ɗigon suka taru sai ga hanyar da kumbon ya bi ta fito ɓaro-ɓaro, doguwa siririya, masu sauƙin nauyi sun faɗi tun daga yamma, masu nauyi irin sassan injin sun wuce can gabas. Da wannan taswirar aka san inda za a tura masu nema.

Daga nan aka shiga daji. Dajin gabashin Texas ba irin namu ba ne da kake hango mutum daga nesa. Kurmi ne mai duhu, da sarƙaƙiyar ƙaya da fadama, ga shi bayan 'yan kwanaki yanayi ya juya, aka shiga ruwa da sanyi mai ratsa ƙashi. Ana jera mutane a layi, tsakanin kowa da na kusa da shi 'yan taku kaɗan, a tafi tare ido a ƙasa, kamar 'yan gayya sun shiga gonar surukin wani. In ƙaya ta tare ka ba ka kaucewa, ta ciki za ka bi, domin abin da ake nema yana iya kasancewa a ƙarƙashinta. Daga baya aka kawo 'yan kwana-kwanan daji daga jihohi daban-daban, da yawansu 'yan asalin ƙabilun Amurka na farko, mutane masu juriya da ƙarancin magana. Gaba ɗaya mutum fiye da 25,000 ne suka shiga aikin, har zuwa ƙarshen Afrilu. An tsinci yanki wajen 84,000, kusan kashi 38 cikin 100 na nauyin kumbon. Aikin ma ya ci rai: ranar 27 ga Maris jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a dajin Angelina, matuƙinsa Jules Mier da ma'aikacin gandun daji Charles Krenek suka rasu. Ba a cika ambatonsu ba, shi ya sa na rubuta maka sunayensu.

A makonnin farko ba ƙarfe ne gaba ba, mutanen ne. Yawancin gawarwakin a yankin Hemphill aka same su, wani ɗan ƙaramin gari kusa da tafkin Toledo Bend. Ni ban ci karo da wannan ba, na gode Allah, amma na zauna da waɗanda suka ci karo. Duk inda aka samu wani sashe na jikin mutum, aiki yana tsayawa. Kowa ya cire hula. A kira ɗaya daga cikin 'yan sama jannatin da aka turo, abokan aikin mamatan, da limamin cocin garin, a yi addu'a, sannan a ɗauke cikin mutunci. Kafin tsakiyar Fabrairu an samu dukkan su bakwai an miƙa wa iyalansu. Matan Hemphill kuwa suka buɗe girki, suna ciyar da dubban masu nema kyauta safe da yamma, daga aljihunsu da abin da maƙwabta suka kawo. Talakawa ne, ba masu hali ba. Wata tsohuwa da ta lura ba na cin naman alade, tun daga ranar sai ta riƙa ware mini kaza ba tare da na roƙa ba. A cikin wannan hidimar Babbar Sallah ta same ni.

Ka gaya wa yaran su wane ne mutanen, kada su zama lamba kawai. Rick Husband shi ne kwamanda, ɗan Amarillo a nan Texas. William McCool matuƙi. Michael Anderson, baƙar fata, hafsan sojan sama da ya karanta kimiyyar fiziks, shi ke kula da gwaje-gwajen kimiyya wajen 80 da suka tafi yi. David Brown da Laurel Clark likitoci ne, ita ta bar ɗa mai shekara takwas. Kalpana Chawla an haife ta a Karnal, wani gari a arewacin Indiya, ta zo Amurka karatu kamar yadda na zo, ta yi digiri na biyu a Arlington nan Texas, kuma wannan tafiyarta ta biyu ce. 'Yan matan ajinka su ji labarinta. Na bakwai shi ne Ilan Ramon, Ba'isra'ile na farko da ya je sararin samaniya, wanda mahaifiyarsa ta tsira daga sansanin kisan gillar 'yan Nazi na Auschwitz. Ka san ra'ayina a kan Falasɗinu, bai canza ba. Amma a cikin dajin nan ban ji wanda ya tambayi na wa ake nema ba, ni ma ban tambaya ba. Mutum ne ya faɗo, yana da mata da 'ya'ya huɗu suna jira. Bayan wani lokaci aka tsinci shafuka 37 na littafin da yake rubuta abubuwan da suka faru kullum, sun sha wuta da ruwa da rana amma ana iya karanta wasu.

Yanzu ga abin da ɗalibinka ya tambaya, wato me ya jawo.

An harba Columbia ranar 16 ga Janairu, tafiyarsa ta 28, kuma shi ne kumbo na farko a irinsa da ya fara tashi tun 1981. Babban tankin man da ke manne da shi yana ɗauke da haidirojin da oksijin da aka sanyaya har suka zama ruwa, don haka ana lulluɓe tankin da wani irin soso mai tauri don kada ƙanƙara ta taru a jikinsa. Daƙiƙa kusan 82 da tashi, wani yanki na soson, girman jakar hannu, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, ya ɓalle. Da yake ba shi da nauyi, iska ta rage masa gudu nan take, kumbon kuma ya afka masa. Ya bugi gaban fiffiken hagu da gudun kusan kilomita 800 a sa'a. A nan darasinka yake: ƙarfin bugu yana tafiya ne da gudu sau gudu, shi ya sa abu mara nauyi ke iya yin ɓarna in gudun ya kai. Bugun ya huda ɗaya daga cikin allunan da ke kare gaban fiffiken daga zafi.

A sararin samaniya ramin bai dame su ba, suka yi kwana 16 suna aikinsu. Sai wajen dawowa. Ka gyara wa yaran wani abu da littattafai kan sauƙaƙa: yawancin zafin ba daga gugar iska yake ba, daga matse iskar da kumbon ke yi a gabansa ne, har ta yi zafin da ke kai gaban fiffike wajen digiri 1,600 a ma'aunin Celsius. Alminiyon da aka gina cikin fiffiken da shi kuwa yana narkewa tun a wajen digiri 660. Iskar mai zafi ta shiga ta ramin ta riƙa cin fiffiken daga ciki. A Houston, cibiyar da ke lura da tafiyar daga ƙasa, suka ga na'urorin auna zafi na fiffiken hagu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan na auna iskar tayoyin hagu. Suka kira kwamanda, ya fara amsawa, maganar ta yanke a tsakiyar kalma. Wani rahoto da NASA ta fitar a 2008 ya nuna cewa da iskar ɗakinsu ta fice, cikin daƙiƙu kaɗan suka suma. Na samu ɗan sauƙi da na karanta wannan.

Na san za ka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Haka ne, amma ni a wurina ba nan gizo ke saƙar ba. An ga bugun. Washegarin tashi masu duba hotunan bidiyo suka gan shi. Injiniyoyi suka damu, suka nemi a roƙi ma'aikatar tsaro ta ɗauki hoton fiffiken da na'urorinta masu hangen nesa. Manyan da ke jagorantar tafiyar suka dakatar da buƙatar. Aka juya lamarin ya zama sai injiniya ya kawo hujjar cewa akwai haɗari kafin a duba, alhali dubawar ce za ta ba shi hujjar. Har aka aika wa kwamandan saƙo cewa an ga bugun soso, an saba ganin irinsa, babu abin damuwa wajen dawowa.

An saba gani. A ganina wannan sabon ne ya kashe su. Tun asali ƙa'idar ginin kumbon ta ce kada komai ya ɓalle daga tankin ya bugi jikinsa. Amma soso ya yi ta ɓallewa tafiya bayan tafiya, kumbo yana dawowa lafiya, har aka daina ɗaukarsa haɗari, aka mai da shi aikin gyara bayan sauka. Ko a watan Oktoban 2002 wani babban yanki ya ɓalle daga daidai wannan wurin na tankin a tafiyar kumbon Atlantis, aka ci gaba da harbawa. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma abin baƙin ciki waɗannan ba wawaye ba ne, suna cikin mafi ilimin mutanen duniya. Kwamitin bincike ƙarƙashin Admiral Harold Gehman, a rahotonsa na Agustan 2003, ya ce al'adar aiki a hukumar tana da hannu a haɗarin daidai da soson. Ya kuma nuna kamanninsa da na kumbon Challenger, wanda ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi ranar 28 ga Janairu, 1986, shi ma da mutum bakwai, shi ma bayan injiniyoyi sun yi gargaɗi a kan wata robar toshe mahaɗa da aka saba ganin tana lalacewa. Sally Ride, mace ta farko 'yar Amurka da ta je sararin samaniya, ta zauna a kwamitocin binciken biyu.

Ko bayan haɗarin akwai manyan da ba su yarda soso zai iya wannan aika-aika ba. Sai da aka je San Antonio a watan Yuli, aka harba soso mai irin wannan nauyi a kan allon fiffike na gaske da irin wannan gudu. Ya buɗe rami mai faɗin wajen santimita 40 a gaban idon kowa.

Da an duba, za a iya cetonsu? Ba za su iya fakewa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ba, domin hanyarsu daban take kuma ba su da man da zai kai su. Amma kwamitin ya lissafa cewa da an gane da wuri, za su iya tsimin iska da abinci su kai tsakiyar Fabrairu, a gaggauta shirya Atlantis ya je ya ɗauko su. Abu ne mai wuya da haɗari, amma mai yiwuwa. Na yi imani ajalinsu ne ya zo, babu mai ƙara wa rai daƙiƙa ɗaya. Sai dai ban yarda a fake da ƙaddara a wanke wanda aka ce masa ya duba ya ƙi ba. Na ga abin da rashin dubawar ya haifar, warwatse a cikin ƙaya, kuma har yau ina jin zafinsa. Ka san mu ma wannan ciwon bai bar mu ba: motar haya da kowa ya san burkinta ba ya ci, kwalekwalen da ake cika wa kaya fiye da kima saboda jiya ya haye lafiya, ƙaramin ma'aikaci da ya ga matsala ya yi shiru don kada a ce ya raina na gaba. In akwai abin da nake so yaranka su ɗauka bayan lissafin, shi ne injiniyoyin nan da suka ce a duba. Su ne suke da gaskiya, kuma ba su ne manya a ɗakin ba.

An dakatar da tashin kumbunan kusan shekara biyu da rabi. Mutum ukun da ke tashar sararin samaniya a lokacin, kumbon Soyuz na Rasha ne ya dawo da su a watan Mayu. Kumbon Discovery ya sake tashi a Yulin 2005 ƙarƙashin Eileen Collins, kuma daga nan kowace tafiya sai an duba jikin kumbon da kyamara tun yana sama. A 2011 aka yi ritayar kumbunan gaba ɗaya. A shekarar ce kuma fari ya janye ruwan tafkin Nacogdoches, sai ga wani tankin Columbia a cikin laka. Tarkacen da muka tsinta yana ajiye a cibiyar Kennedy, ana ba masu bincike aronsa don su gane yadda kaya ke lalacewa a irin wannan zafi. A Hemphill kuma an buɗe ɗan gidan tarihi, da kayan da iyalan mamatan suka bayar. In Allah ya kawo ka Amurka zan kai ka.

Akwai bidiyon gwajin San Antonio a intanet, gajere ne. In kuna da wuta a makaranta ka nuna musu, ka sa su lissafa ƙarfin bugun da kansu kafin su ga ramin. In yaron da ya yi tambayar yana da wata, ka turo mini, zan amsa gwargwadon abin da na sani.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata addu'a. Ka gaida uwargida da yara, da duk mutanen majalisa. Iyalina suna gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini har kullum.